Yadda Ake Tace Gaskiya Daga Kwalliya a Littattafan Tarihi na Jürgen Thorwald

Wanda ya buɗe littafin Jürgen Thorwald kan tarihin tiyata, wanda ya fito a Jamus a 1956, tun daga farko zai ci karo da iƙirarin cewa an rubuta shi ne daga takardun kakan marubucin, wani likita mai suna H. St. Hartmann, wanda wai ya yi ta yawo ƙasa-ƙasa yana halartar manyan ayyukan tiyata na ƙarni na 19. Wannan kakan babu shi. Thorwald ne ya ƙirƙiro shi don ya sami bakin da zai ce "a gabana aka yi". Ayyukan tiyatar kuwa an yi su, likitocin da aka ambata sun rayu, asibitocin suna nan. Gaskiya da ƙirƙira sun kwana a shafi ɗaya ke nan, kuma alƙalamin mutumin yana da daɗin da kan sa mutum ya haɗiye duka ba tare da ya tauna ba.

Mai karatu don nishaɗi ba ruwansa. Amma malamin da zai koyar, da ɗan jaridar da zai ɗauko misali, da ɗalibin likitanci ko na shari'a, da mai fassara, dole su san yadda ake raba ukun nan: abin da takarda ta tabbatar, abin da marubuci ya gina da kansa don labari ya tafi, da abin da ya yi shiru a kai. Hanyar da ke biye an tsara ta ne a kan littattafan Thorwald, amma tana aiki a kan kowane tarihi da aka rubuta da salon labari.

Fara da sanin mai maganar

Sunansa na yanka Heinz Bongartz. An haife shi a Solingen a 1915, ya rasu a Lugano ta ƙasar Suwizalan a 2006. A zamanin mulkin 'yan Nazi ya yi aikin jarida, ya kuma yi rubuce-rubuce kan sojan sama da na ruwa na Jamus da wancan sunan. Bayan yaƙi ya yi aiki a jaridar mako-mako ta Christ und Welt a Stuttgart, ya ɗauki sunan Jürgen Thorwald. Wajen 1950 ya fitar da littattafai biyu kan rushewar gabashin Jamus da gudun fararen hula a 1945. Daga nan ya koma tarihin likitanci, a 1960 ya rubuta littafi kan ƙarshen rayuwar aikin likita Ferdinand Sauerbruch, a tsakiyar shekarun 1960 kuma ya shiga tarihin kimiyyar binciken laifi.

Wannan tarihin yana gaya maka inda za ka tsananta. A littattafan likitanci da na laifi, inda matsala take galibi ƙarin gishiri ne da son gwarzo guda. A littattafan yaƙi matsalar ta fi haka nauyi, domin marubucin ɗan cikin gida ne, kuma mutanen da ya ji ta bakinsu suna da abin karewa.

Kayan aiki da alamomi

Kana buƙatar fensir, littafin rubutu da aka raba shafinsa gida huɗu, da intanet. Gidajen huɗu su ne: iƙirarin da aka yi, lambar shafi, inda ka duba, da hukuncinka. Kafin ka fara babi na farko, rubuta shekarar bugun farko na Jamusanci a saman shafi, ba shekarar bugun da ke hannunka ba. Littafin da aka sake bugawa a shekarun 1990 iliminsa na iya zama na shekarun 1950 ne cak. Sai ka duba ko fassarar cikakkiya ce. Littattafan yaƙin nan biyu, alal misali, da aka mai da su Ingilishi a 1951 an taƙaita su ne zuwa kundi guda, don haka rashin ganin abu a fassara ba ya nuna babu shi a asali.

Karanta babi sau ɗaya ba tsayawa, don ka san inda labarin ya dosa. A karo na biyu ka ɗauki fensir ka riƙa sa alama a gefe. Layi ɗaya ga duk abin da za a iya dubawa: rana, suna, wuri, adadi, sunan mujalla. Da'ira ga duk maganar da aka sa a bakin wani, da duk inda aka ce wane "ya ji a ransa" ko "zuciyarsa ta buga". Tauraro ga kalmomi irin su "na farko", "shi kaɗai", "babu wanda ya taɓa". Da'irorin nan ka ɗauke su ƙirƙira ne har sai ka ga akasin haka, domin babu magatakarda a cikin zuciyar likitan da ya mutu shekara ɗari kafin a haifi marubuci. Taurari su ne suka fi yawan faɗuwa idan aka matsa su.

Kada ka ce za ka duba komai, za ka gaji ka watsar tun a babi na biyu. A babi mai shafi 30, zaɓi iƙirari biyar zuwa takwas waɗanda idan suka rushe babin ya rushe. Kowanne kan ci minti 15 zuwa 30. Idan biyar na farko duk sun tsaya da ƙafarsu, ka sassauta a kan sauran ranaku da sunaye na babin. Idan biyu sun faɗi, ka ƙara biyar.

Babin likitanci: rana, adadi, da majiyyaci

Ɗauki ranar 16 ga Oktoba 1846, wadda kowane tarihin tiyata yake tsayawa a kanta. A babban asibitin Massachusetts da ke Boston, wani likitan haƙori, William Morton, ya shaƙa wa wani majiyyaci, Gilbert Abbott, sinadarin eta mai gusar da hankali don kada ya ji zafi, likita John Collins Warren ya yi masa aiki a kan wani ƙari a wuya. Mataki na farko shi ne neman rahoton da ya fi kusa da ranar. A nan shi ne na Henry Jacob Bigelow, wanda ya fito a mujallar likitoci ta Boston ranar 18 ga Nuwamba 1846, kuma ana samunsa a intanet. Ka ajiye shi gefe da gefe da babin. Duk abin da ke cikin biyun ka ba shi hannu. Abin da ke babin kaɗai, kamar yanayin fuskar Warren ko shahararriyar jimlar da ake cewa ya faɗa wa 'yan kallo bayan an gama, ka bar shi a cikin da'ira.

Sai ka matsa tauraron. Morton ne na farko? Crawford Long ya yi amfani da eta wajen cire ƙari a garin Jefferson na jihar Jojiya ranar 30 ga Maris 1842, sai dai bai wallafa ba sai 1849. Horace Wells ya gwada iskar nan mai sa dariya wajen cire haƙori a Disamba 1844. A Japan kuwa Hanaoka Seishu ya gusar da hankalin wata mata da haɗin magungunan tsirrai ya yi mata aikin sankarar mama tun 1804. Abin da ya tabbata ga Morton shi ne nasa ne ya bazu a duniya cikin 'yan watanni. Haka za ka rubuta a gidan hukunci, ba ƙari ba ragi.

Adadi shi ne inda aka fi yi wa mai karatu wayo, kuma ba sai an yi ƙarya ba. Labarin Ignaz Semmelweis da zazzaɓin jego a babban asibitin Vienna ya isa misali. Daga 1841 zuwa 1846, a sashe na farko inda ɗaliban likitanci ke koyon aiki, an yi haihuwa 20,042, mata 1,989 suka mutu. A sashe na biyu, na ungozomomi, haihuwa 17,791, mutuwa 691. Ka raba da kanka: kusan kashi 10 cikin 100 a can, kusan kashi 4 a nan. A watan Mayu 1847 ya tilasta wanke hannu da ruwan kulorin, a shekarar 1848 kuma mutuwar sashe na farko ta sauko ƙasa da kashi 2. Wannan ya isa abin mamaki. Amma masu ba da labari sun fi son ɗauko watan Afrilu 1847, wanda mutuwa ta haura kashi 18, su jera shi da watan da ya fi kowane sauƙi bayan nan. Ba su yi ƙarya ba, sun dai zaɓi wata mai muni sosai ne suka tsaya a kai. Duk inda ka ga adadin wata guda, nemi na shekara. Ka kuma tuna cewa shi kansa Semmelweis ya ce adadin sashe na farko bai cika ba, domin wasu matan da ciwo ya tsananta akan mai da su wani sashe na asibitin, su mutu can ba a lissafa da su ba.

Joseph Lister kuma darasinsa ƙanƙantar adadi ne. A asibitin Glasgow, kafin ya fara amfani da sinadarin kabolik mai hana rauni ruɓewa, cikin mutum 35 da ya guntule wa gaɓa 16 sun mutu. Daga 1867 zuwa 1869, cikin 40 shida ne suka mutu. Idan aka ce daga kashi 45 zuwa kashi 15, sai ka ɗauka dubban mutane ake magana, alhali duka-duka 75 ne. Lister ya yi gaskiya, tarihi ya nuna haka, amma likitocin zamaninsa da suka ce a ƙaro hujja ba duka ne wawaye ko masu hassada ba, kamar yadda salon labari ke son nunawa. Labari yana buƙatar mugu, shi ya sa.

Abu na ƙarshe a nan, wanda mutane ƙalilan ne ke yi: bi majiyyacin har gida. Babi kan ƙare ne a inda aka ɗinke ciki, 'yan kallo suka sauke ajiyar zuciya. Theodor Billroth ya yanke wani sashe na tumbin Therese Heller a Vienna ranar 29 ga Janairu 1881, ta tashi, ta ci abinci, aikin ya shiga tarihi. Bayan kimanin wata huɗu sankarar da ta riga ta bazu ta kashe ta. Duka biyun gaskiya ne, kuma wanda zai koyar da ɗalibai yana buƙatar duka biyun. Ka rubuta sunan majiyyacin a injin bincike tare da sunan likitan. Ma'adanar PubMed cike take da maƙalun tarihin likitanci da suka bi irin wannan sawu, ɗakin karatu na Wellcome a Landan kuma ya sa tsofaffin littattafai da yawa a intanet kyauta.

Akwai kuma abin da bincike ya gyara bayan an buga littafi. An daɗe ana cewa Semmelweis ya mutu ne a 1865 da irin cutar da ya yaƙa, daga yankan da ya samu a yatsa wajen aiki. Takardun da aka duba daga baya sun fi nuna cewa raunin da ya ruɓe ya kashe shi ya samo asali ne daga dukan da ya sha a gidan masu taɓin hankali inda aka kai shi. Sigar farko ta fi daɗin ji, shi ya sa ta fi yawo.

Babin binciken laifi

Littafin Thorwald kan wannan fanni ya kasu ne kan gane mutum da zanen yatsa, da likitancin shari'a, da ilimin guba, da nazarin harsashi da bindiga. A kowane shari'a da aka kawo, tambaya ɗaya za ka riƙe: me ya kai mutumin kurkuku a zahiri? Marubuci yana son ya ce kimiyya ce. Takardun kotu sau da yawa sukan nuna kimiyyar ɗaya ce cikin abubuwa huɗu ko biyar.

Duba shari'ar Francisca Rojas a Necochea ta ƙasar Ajantina a 1892, wadda ake kira ta farko da zanen yatsa ya warware kisan kai. An kashe 'ya'yanta biyu, ta ɗora wa wani maƙwabci. Sufeto Eduardo Álvarez ya ga tambarin yatsa na jini a jikin ƙofa, ya yanko katakon, aka gwada da nata bisa tsarin Juan Vucetich, masanin zanen yatsa na 'yan sandan ƙasar, ya dace. Da aka nuna mata sai ta amsa laifi. A gidan hukunci za ka rubuta: zanen yatsa ya kai ga iƙirari, iƙirari ya kai ga hukunci. Bambancin yana da amfani, domin kotu ba ta sami damar gwada ƙarfin hujjar ita kaɗai ba. Idan kana son ganin inda aka yi wannan gwajin, nemi shari'ar 'yan'uwa biyu masu suna Stratton a Landan a 1905. Bayanan shari'o'in kotun Old Bailey daga 1674 zuwa 1913 suna intanet, ka karanta tambaya da amsa da idonka.

A kan zanen yatsa ma, tauraron "na farko" ya kan rabu gida da yawa: William Herschel a Bengal tun 1858, Henry Faulds da wasiƙarsa a mujallar Nature a 1880, Francis Galton da littafinsa na 1892. Tsarin rarrabawa da ke ɗauke da sunan Edward Henry, wanda aka fara aiki da shi a Kalkata a 1897 sannan 'yan sandan Landan suka ɗauka a 1901, jami'ai biyu 'yan Indiya, Azizul Haque da Hem Chandra Bose, sun yi aiki mai yawa wajen gina shi. Tsofaffin littattafan Turai sukan wuce su da sauri ko su tsallake. Ka duba fihirisa, in babu sunansu ka rubuta a gefe.

A babin guba kuwa sai ka fahimci gwajin kansa kafin ka yarda da sakamakonsa. Gwajin James Marsh na 1836 haka yake: a zuba abin da ake zargi a kwalba tare da tutiya da ruwan asid, idan akwai gubar asanik sai ta fito cikin iska, a kunna wa iskar wuta a kara faranti mai sanyi, sai baƙin tabo mai sheƙi ya kwanta. Abubuwa biyu ke ɓata shi. Tutiyar ko asid ɗin na iya zuwa da nasu asanik, shi ya sa dole a fara kunna na'urar babu komai a ciki a ga ko tabo zai fito. Sannan wani sinadari, antimoni, yana ba da tabo mai kama da wannan, sai an ƙara wani gwajin a raba su. Da wannan sani a hannu sai ka karanta shari'ar Marie Lafarge a garin Tulle na Faransa a 1840. Masana na farko sun ce akwai guba a gawar mijinta, na biyu da suka yi amfani da hanyar Marsh suka ce babu, sai da aka ɗauko masanin guba Mathieu Orfila daga Paris ya ce akwai, 'yar kaɗan. Aka yanke mata ɗaurin rai da rai. Tambayoyin da za ka yi wa babin su ne: an ambaci gwajin da babu komai a ciki? An faɗi yawan abin da aka samu? An ba masu jayayya da Orfila bakin magana? Jaridun Faransa na lokacin suna ma'adanar Gallica.

Sai ka tuna littafin ya tsaya a shekarun 1960, lokacin da ake ganin ɗakin gwaji ba ya kuskure. Gwajin DNA bai zo ba sai da Alec Jeffreys ya gano hanyarsa a 1984. A 2004 hukumar FBI ta Amurka ta danganta zanen yatsan da aka samu bayan harin jiragen ƙasa na Madrid ga wani lauya da ba shi da hannu, ta dawo ta nemi afuwa. A 2009 Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka ta fitar da rahoton da ya ce hanyoyi da dama na binciken laifi ba su da cikakken tushen gwaji. Har Bernard Spilsbury, likitan da shaidarsa ta taimaka wajen rataye Crippen, mutumin da aka samu da laifin kashe matarsa, a 1910, wanda a da ba a ja da maganarsa, masana na baya sun soki yadda yake yanke magana fiye da abin da hujja ta ba shi. Don haka kowace hanya da babi ya yaba, ka nemi matsayinta na yau kafin ka maimaita yabon.

Littattafan yaƙi

A nan sai an sassauta gudu. Thorwald ya gina waɗannan littattafai ne kan wasiƙu da bayanan waɗanda suka gudu daga gabas da na tsofaffin hafsoshin sojan Jamus, shekara huɗu zuwa biyar bayan abin ya faru. Wahalar da suka bayyana ta faru. Sojan Tarayyar Sobiyet sun fara babban farmaki daga kogin Vistula ranar 12 ga Janairu 1945, miliyoyin fararen hula suka kama hanya cikin tsananin sanyi, kisa da fyaɗe sun auku da yawa, kuma shugabannin jam'iyyar Nazi irin su Erich Koch na Gabashin Prussia sun hana a kwashe mutane da wuri. Babu mai hankalin da zai musa wannan. Amma a lokacin ma'adanar takardun Sobiyet a rufe take, ba a buɗe ta sosai ba sai bayan 1991, kuma janar ɗin da ke ba da labari a 1949 yana da dalilin ɗora komai a kan Hitler da jam'iyya ya wanke soja.

Saboda haka a gefen kowane sakin layi ka rubuta waye ya faɗa: farar hula da ya gani da ido, wanda ya ji a bakin wani, ko hafsa mai bayanin matakin da shi ya ɗauka. Na ukun nan kada ka karɓa sai da shaida ta biyu wadda ba daga abokin aikinsa ta fito ba.

Adadin mamata kuwa kada ka taɓa kwafe shi daga littafi ɗaya. Tambayi yadda aka ƙirga. Jirgin ruwan Wilhelm Gustloff ya tashi daga Gotenhafen, wani jirgin yaƙin ƙarƙashin ruwa na Sobiyet ya nutsar da shi a tekun Baltik daren 30 ga Janairu 1945. An ceto mutum sama da 1,200. Mamata kuwa, tsofaffin ƙiyasi sun tsaya wajen 5,000 zuwa 6,000, na baya sun haura 9,000, domin cunkoso ya sa an daina rubuta sunayen masu shiga. Ka ba da iyakokin biyu, ka faɗi dalilin tazarar, ka kuma ambaci cewa ban da 'yan gudun hijira akwai sojan ruwa da sojoji masu rauni a ciki.

Wani adadin kuma da gangan aka kumbura shi. Bayan ruwan bama-baman da aka yi wa birnin Dresden na Jamus daga 13 zuwa 15 ga Fabrairu 1945, rahoton 'yan sanda ya nuna gawa 20,204 da aka ƙirga zuwa wani lokaci a watan Maris. Masu farfaganda suka ƙara sifiri ɗaya, ya koma 202,040, kuma wannan adadi ya yi shekaru yana yawo a littattafai. Kwamitin masana tarihi da birnin ya kafa ya kammala a 2010 cewa mamatan ba su wuce 25,000 ba. Haka batun Jamusawan da suka mutu a gudu da korar da ta biyo baya. Hukumar ƙididdiga ta Jamus ta Yamma ta ba da sama da miliyan biyu a 1958, ta hanyar ɗebe yawan mutanen bayan yaƙi daga na kafin yaƙi, wato duk wanda ba a san inda yake ba ya shiga lissafi. Rahoton ma'adanar takardu ta tarayya na 1974, wanda ya bi mutuwar da ke da shaida, ya tsaya wajen 600,000. Har yau masana na jayayya, kai dai naka shi ne ka faɗi wace hanya ce ta haifi wane adadi.

Mataki mafi wuya shi ne neman wanda babu shi a shafin. Ɗauki taswira da kalanda, ka tambayi me kuma ke faruwa a wannan wuri a wannan mako. Kwana ɗaya bayan nutsewar Gustloff, a gaɓar wannan tekun, a Palmnicken, dakarun SS na 'yan Nazi da mataimakansu sun kora fursunoni Yahudawa kimanin 3,000, galibinsu mata daga sansanonin da ke ƙarƙashin babban sansanin fursunoni na Stutthof, zuwa bakin ruwa mai ƙanƙara suka harbe su. Hanyoyin da fararen hula ke gudu a kai, a kansu ake tisa ƙeyar fursunonin sansani. Ka duba ko babin da ke hannunka ya ba su wuri, da kuma ko ya waiwayi abin da sojan Jamus suka yi a Folan da Tarayyar Sobiyet tun daga 1939 da 1941. Inda ka ga giɓi, ka cike shi daga aikin masana na baya kafin ka ɗauko babin ka kafa hujja da shi.

Ƙananan tarkuna na harshe

Sunayen garuruwa sun canza, kuma wannan kaɗai kan ɓatar da mai bincike rabin yini. Danzig yanzu Gdańsk ce, Gotenhafen Gdynia, Breslau Wrocław, Stettin Szczecin, Königsberg Kaliningrad, Palmnicken kuma Yantarny. Kogin da Jamusawa ke kira Weichsel shi ne Vistula. Ka yi bincike da sunaye biyun. A rubutun Jamusanci ɗigo ne ke raba dubbai, waƙafi kuma ke raba ɓangaren lamba, wato 20.204 dubu ashirin ne da ɗari biyu da huɗu, 1,27 kuma ɗaya ne da ɗigo biyu bakwai. Kwanan wata rana ce ke fara zuwa, 4.5.1945 na nufin 4 ga Mayu. Manhajojin fassara suna taimakawa wajen gane ma'anar sakin layi, amma sukan dagula muƙaman soja da sunayen cututtuka na da, don haka waɗannan ka duba su ɗaya-ɗaya.

Idan ka gama babi, koma gidan hukunci ka ba kowane iƙirari ɗaya daga cikin kalmomi huɗu: ya tabbata, an ƙawata, bincike ya wuce shi, ko ba a samu ba. Wajen rubuta naka aikin, abin da ya tabbata ka jingina shi ga takardar asali da ka gani, kamar rahoton Bigelow ko bayanan kotu, ba ga Thorwald ba. Abin da aka ƙawata, in har kana son amfani da shi don daɗinsa, ka ce "kamar yadda Thorwald ya siffanta". Wanda bincike ya wuce, ka kawo tsohuwar sigar da sabuwar tare da shekarunsu. Wanda ba a samu ba kuma ya zauna a littafin rubutunka, da lambar shafinsa da ranar da ka nema, har ranar da wata takarda za ta fito da shi.